Kan Sarkin Da Ya Karkace

Ranar Juma'a ce da hantsi, saura kwana biyu Lahadin tunawa da mutanenmu da suka mutu a yaƙi. Ina kicin ɗin zauren taron ƙauyenmu ina jera kofunan shayi, sai na ji Hedimasta Dinsdale ya saki wata irin murya kamar an datse masa yatsa da ƙofa. Na fito ko hannu ban goge ba. Yana tsaye gaban teburinsa, kundin katunansa a buɗe, yana nuna wani gurbi da babu komai a ciki. Zakin nan nasa ya ɓata.

Bari in ɗan koma baya, kar in bar ku a hanya. Shekarar 1978 ce, shekara sittin cif da gama Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa muka ce a ƙauyenmu Gillbeck za mu baje katunan wasiƙa na wancan zamanin, irin waɗanda ba a sa su a ambulan: hoto a gaba, rubutu da kan sarki a baya. Tuta, jirgin ruwan yaƙi, soja yana sallama da uwarsa, abubuwa dai na zuga samari su tafi. Mutum biyu ne ke tara su a garin, kuma da a ce mutum ɗaya ne da mun huta. Akwai Cuthbert Dinsdale, wanda ya bar aikin makaranta shekara tara amma har lokacin Hedimasta muke ce masa, don shi ya koya wa rabin garin karatu. Akwai kuma Wilf Sunter, tsohon mai fasa dutse, shi ke riƙe da mabuɗin zauren, ya hura wuta, ya yi shara, yana zaune a ɗan gidan da ke jikin zauren, wanda ake ba duk mai wannan aikin.

Abin da ya haɗa su faɗa wasu katuna ne guda huɗu da aka buga tare. A na farko zaki yana barci, a na biyu ya ɗaga kai, a na uku ya miƙe a kan tuta 'ya'yansa kewaye da shi, a na huɗu yana ruri a bakin teku. Wilf yana da na ɗaya, na biyu da na huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana neman na uku. Da bazarar shekarar aka yi gwanjon kayan wata tsohuwa 'yar garinmu, Lavinia, wadda ta yi aure a birni ta rasu a can. Ranar Wilf yana kwance da ciwon baya. Hedimasta ya je, ya dawo da zaki na uku a aljihun kwat ɗinsa, shi da ba ya ma tara zakuna.

Ranar Alhamis da muke shirya tebura ya fito da shi yana juya shi a gaban Wilf, a hankali, kamar mai gasa nama. Wilf ya sunkuyar da kai yana shara, kunnuwansa sun yi ja. Sai Hedimasta ya juya bayan katin ya kira Gwaggo Thirza Peacock, yayar marigayiya Lavinia, wadda ke gefe tana jera furanni. Shekararta tamanin da biyu. Duk garin an san ta da abu ɗaya: an sa musu rana da Jabez Harker, yaron kafinta, ya tafi yaƙi bai dawo ba, ita kuma ba ta taɓa aure ba. Duk shekara ita ke dasa ɗan gicciye mai jan fure a gindin dutsen tunawa, a ƙarƙashin sunansa.

Hedimasta ya ce mata Jabez ɗinta ne ya aiko wa ƙanwarta wannan katin daga sansanin horo a 1915, ya karanto da muryar aji: ruwa bai ɗauke ba, abinci ba daɗi, a gaya wa Thirza yana lafiya. Ya ce ranar Lahadi zai sa shi tsakanin gilashi biyu don kowa ya ga gaba da baya. Abin da kawai ya ɓata masa rai, in ji shi, yaron ko kan sarki bai iya mannawa daidai ba, ga shi nan a karkace. Gwaggo Thirza ta gyara tabarau, ta duba, ta ce eh, rubutunsa ne, ta koma kan furanninta. Wani abu ya taɓa ni a rai a lokacin, amma buta ta fara kuka a kicin, na manta.

*

Kafin azahar ranar Juma'ar nan babu gidan da labarin bai shiga ba, kuma kowa sunan mutum ɗaya yake kira. Wa ke da mabuɗi? Wa ke da sauran ukun? Hedimasta ya tsaya a tsakiyar zauren ya ce ya ba ɓarawon zuwa ƙarfe huɗu na yammacin Asabar. In katin bai dawo ba zai kira 'yan sanda, kuma kwamiti zai karɓi mabuɗi. Karɓar mabuɗi karɓar gida ce. Wilf yana da shekara sittin da bakwai, ba mata, ba ɗa, ba inda zai nufa.

"Tun kana aji uku idonka ke kan allon wani, Sunter," in ji Hedimasta.

"Kai kuma tun lokacin kake dukan wanda bai yi laifi ba," Wilf ya ce, ya jingine tsintsiya ya fita.

Ni kuwa na cire afuron, rigar aikin kicin, na tafi gida na ɗauko mijina. Enoch Raistrick ya yi shekara arba'in yana gadin dajin wani attajiri, yana bin sawun yanyawa da masu satar farauta. Mutum ne da in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Ni ce bakin gidanmu, shi ne idon. Na same shi yana gyaran shingen kaji, na zuba masa labarin duka har da wanda bai tambaya ba. Abu ɗaya ya tambaye ni: yaushe ruwa ya ɗauke? Na ce da asuba. Ya ɗauki hularsa.

An kwana ana ruwa, saboda haka hanyar ƙofar baya ta yi lumus kamar sabon shafi, kuma ita kaɗai ce a buɗe da safe. Enoch ya hana kowa takawa. Ya tsuguna, ya daɗe, ya miƙe ya ce ƙafa huɗu ne ban da tawa. Ga babban takalmin Wilf mai ƙusoshi. Ga dogon takalmin robar Edna, matar Hedimasta. Ga takalmin birni na Hedimasta, wanda ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Ga kuma ƙaramin sawu da ramin sanda a gefen hagu, na Gwaggo Thirza, wadda kullum da safe takan zo ta canja wa furanni ruwa.

Sannan ya shiga ya duba kundin. Ba a manna katunan nan, kowane shafi yana da 'yar tsaga huɗu da ake cusa kusurwoyin katin a ciki. Enoch ya daɗe yana kallon gurbin zakin. Na san shi, in ya ga abu sai ya ja kunnensa na dama. Ya ja.

*

Wilf muka fara gani. Ya buɗe kundinsa a kan tebur, zakunansa uku a jere, ya bar gurbi tsakanin na biyu da na huɗu, yana zaune yana kallon gurbin. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce tun bazara ba ya barci mai daɗi, sau nawa ya yi mafarkin gidan Hedimasta ya kama da wuta ya shiga ya ceto kati ɗaya ya bar mai gidan. Ya ce da safen ya buɗe ƙofa ƙarfe takwas, ya hura wuta, ya tafi ɗakin gawayin kwal da ke baya yana fasa manyan dunƙule-dunƙule har wajen goma. Enoch ya ce ya ciro masa na biyu daga kundinsa ya gani. Wilf ya je ya wanke hannu tukuna, ya dawo ya lanƙwasa shafin a hankali, katin ya zame da kansa kamar jariri daga zani.

"Ina son sa, Enoch, har cikin ƙashina," ya ce. "Amma in na sace shi wa zan nuna wa?"

Daga nan muka wuce wajen Edna, muka yi sa'a mijin ba ya nan. Yanzu kar in yi kamar ni wankakkiya ce a labarin nan: shekara goma sha huɗu ina hassadar kek ɗin Edna Dinsdale, wanda kullum shi ke cin gasar kaka, nawa ya zo na biyu. Da sawunta ya fito a laka sai da wani ɗan daɗi mara kyau ya ratsa ni. Kuma akwai dalilin zarginta, don duk garin an ji ta tana cewa wata rana sai ta cusa katunan nan a murhu. Ɗaki mafi ɗumi a gidan na katunan ne, ita tana ɗinki a mai sanyi. Ranar cikarsu shekara arba'in da aure ya tafi kasuwar masu katuna.

Ta zuba mana shayi ta yanko kek, na ci don dole, ya yi daɗi, abin haushi. Ta ce ta je ƙarfe tara ta kai gwangwanin kek, ta tarar da kundin mijinta a rufe, ta ɗora gwangwanin a kansa da gangan ta ƙirga goma kafin ta ɗauke.

"Ke Nora, kin san ni," ta ce. "Ranar da zan yi, ba ɗaya zan ɗauka ba. Kuma sai na kira shi ya tsaya ya gani."

Na yarda da ita, ba don na so ba.

A hanyar dawowa muka ci karo da Hedimasta. Ni a raina na riga na yanke cewa shi ya ɓoye abinsa don ya ga bayan Wilf, in ba haka ba me ya kai shi zauren sau biyu? Enoch ya tambaye shi haka kai tsaye. Mutumin ya fara faɗa, ya ce shi ba yaron makaranta ba ne da za a tsare shi da tambaya. Enoch ya tsaya kawai yana kallon takalminsa. Can sai kafaɗun Hedimasta suka sauka. Ya ce ya je takwas da rabi, da ya ji ƙarar guduma a ɗakin kwal ya san Wilf ba ya ciki. Ya buɗe kundin Wilf, ya ciro nasa zakin ya ajiye a gurbin, don ya ga huɗun a jere sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ce ya tsaya kamar minti biyar, sannan ya mayar da nasa ya tafi gida karin kumallo. Ya roƙe mu kar Wilf ya ji. Ashe wanda muke gani yana gasa wani, shi ma a kan wuta yake.

*

Rana ta karkata, Enoch ya ce saura sawu ɗaya. Na ce haba tsoho, Gwaggo Thirza? Matar da ta riƙe ni a hannu ranar da aka yi mini baftisma? Me za ta yi da zaki? Katin ma ba abin da ke jikinsa sai ruwa da abinci mara daɗi da gaisuwarta. Ya ce shi bai ce ta yi komai ba, amma ya bi uku, ba zai bar na huɗu ba.

Daga gidanta zuwa zauren hanya ɗaya ce, ta ratsa makabartar coci, ta wuce gaban dutsen tunawa. Ya nuna mini zuwanta. Taku gajere, sanda a hagu, har gaban dutsen. A nan ƙafafu biyu sun haɗu sun nutse a laka, alamar an tsaya an daɗe. Wannan ba labari ba ne, tun ina yarinya ba ta taɓa wuce dutsen nan ba ta tsaya ba, ko da ruwa ko da ƙanƙara, da zuwa da dawowa.

"To, nemo mini dawowarta," in ji Enoch.

Na duba, na sake dubawa. Babu. Sai ya ja ni baya wajen ƙofar makabarta ya nuna mini inda sawun ya bar hanya. Ta shiga doguwar ciyawa mai jiƙa ƙafa, ta zagaya ta bayan wata tsohuwar bishiya, ta bi jikin katanga inda ƙasa ke da santsi, har sandar ta zame sau biyu. Tsohuwa mai shekara tamanin da biyu ta ninka tafiyarta a kan mugun wuri, don kawai kar ta bi ta gaban sunansa.

Enoch ya ce abin da ya gani a kundin ke nan kuma: tsaga biyu na ƙasa sun yage. An fizgi katin ne. Wilf da Hedimasta gara su yanke yatsa da su yaga shafi. Ya ce ya san wa, amma dalilin ba ya cikin ƙasa, wannan aikina ne.

*

Da safiyar Asabar muka je gidanta da ƙwai shida a kwando, don kar a ce hannu rabbana muka zo. Takalmin robarta yana bakin ƙofa, da 'ya'yan ciyawa manne a jiki. Tagogin kicin ɗinta sun yi gumi har ruwa na gangarowa, kamar an daɗe ana tafasa buta. A kan tebur akwai siririyar wuƙar shafa man shanu da 'yar kwalbar gam. Ta yi saurin rufe su da tawul.

Ta kai mu falo. A kan kantar da ke saman murhu akwai katuna tara da Jabez ya aiko mata, waɗanda na sani tun ina ƙarama, kullum hotunansu na kallon ɗaki. Ranar nan duk an juya su, bayansu ne a waje. Na tsaya ina kallonsu tana haɗa shayi. Kan sarki kore na rabin kwabo, guda tara, kowanne a tsaye cak a kusurwarsa kamar an auna da ma'auni.

Sai abin da buta ta kore mini ranar Alhamis ya dawo. Mahaifiyata tana da katunan da babana ya aiko mata kafin aurensu, duk kan sarkin a karkace. Na taɓa tambayarta ko Baba bai iya manna abu ba ne, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce kati ba shi da ambulan, mai kawo wasiƙa ya karanta, uwarka ta karanta, ƙannenka su karanta. Saboda haka saurayi sai ya rubuta zancen ruwan sama a fili, abin da ke ransa kuma ya faɗe shi da kan sarki. In ya kwantar da shi gefen dama, ya ce ke nake so ke nan. Kowace budurwa ta wancan zamanin ta san wannan. Masu tara katuna hoto suke kallo da sunan maɗaba'a, ba wanda ya taɓa gaya musu. Amma ranar Lahadi tsofaffin mata daga ƙauyuka uku za su zo, kuma akwai sauran huɗu ko biyar da za su karanta shi daga nesa.

Ban tambaye ta komai ba. Da ta miƙo mini kofi na ce, "Gwaggo, ƙarfe huɗu za a karɓi mabuɗi a hannun Wilf. Har da gidan."

Hannunta ya tsaya a iska. Ta kalli katunan, ta kalle ni, ta gane na gani.

"Sha shayinki, Nora, zai huce," ta ce.

*

Huɗu saura kwata zauren ya cika. 'Yan kwamiti suna gaba, Hedimasta da agogonsa a kan tebur, Edna a gefe da jakarta a cinya, Wilf a tsaye can baya, mabuɗan a hannunsa yana jujjuya su. Gwaggo Thirza ba ta zo ba. Enoch ya riga ya gaya mini ba zai kira sunanta ba, ni kuma ban san ko zan iya barin Wilf ya kwana a waje ba.

Enoch ya miƙe ya yi magana mafi tsawo da na taɓa jin ya yi tun ranar aurenmu. Ya ɗaga kundin ya nuna yagaggen shafin, ya tambayi Hedimasta ko a ganinsa hannun da ya yi shekara talatin yana taɓa katuna zai yi haka. Hedimasta ya duba, ya ce a'a da ƙyar. Enoch ya ce to Wilf ya fita daga zargi, shi ma mai katin ya fita. Bai faɗi zancen takwas da rabi ba, na ga Hedimasta ya sauke numfashi. Ya ce Edna kuma kowa ya san ba ta yin rabin aiki, aka yi dariya, har ita.

Hedimasta ya ce to wa? Enoch ya ce ya san inda sawun ya ƙare, amma shi ba karen farauta ba ne da zai ɗauko ya kawo a baki. Hedimasta ya ce in babu suna babu kati, to maganarsa tana nan, mai mabuɗi shi ke da alhakin zaure. Ya ɗauki agogonsa. Wilf ya fara takowa gaba da mabuɗan.

Sai muka ji sanda a kan katakon ƙofa. Ta shigo da baƙar hularta ta coci, ta bi tsakiyar mutane a hankali. Ta buɗe jaka, ta ciro katin a naɗe da hankici, ta ajiye gaban Hedimasta, bayansa a sama.

"Mayar da mabuɗanka aljihu, Wilfred," ta ce. "Ni na ɗauka."

Ta ce niyyarta ta ɗaga kan sarkin da tururi, ta manna shi daidai, ta dawo da shi kafin a lura. Da Hedimasta ya ji tururi sai da ya dafe tebur. Ta ce sau uku tana ɗora buta, sau uku tana saukewa, ta kasa. Sannan ta gaya musu abin da karkacewar take nufi, da bakinta, a gaban kowa, ba ta rage murya ba. Wata tsohuwa a layi na biyu ta rufe bakinta da hannu, don ita tun da aka ajiye katin ta karanta.

"Tara ya aiko mini, duk a tsaye," ta ce. "Ɗaya ya aiko wa Lavinia. Ta zauna a teburina Kirsimeti sittin tana cin abincina, tana kallona ina share masa hoto. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Yanzu ta mutu, ko tambayarta ba zan iya ba."

Wilf ne ya fara magana, shi da aka kusa kora saboda ita. Ya ce Gwaggo, ƙila sauri yake yi, soja a sansani, ga sanyi, hannu na rawa.

"Kafinta ne, ɗana," ta ce. "Bai taɓa sa wani abu a karkace da kuskure ba."

Edna ta zunguri mijinta da gwiwar hannu har muka ji. Ya ɗauki katin, ya miƙa wa Gwaggo Thirza ya ce ta riƙe. Na san abin da wannan ya ci masa. Ta girgiza kai.

"Ba ni aka aiko wa ba," ta ce, ta juya ta fita.

Wani zungurin na biyu ya sa Hedimasta ya ba Wilf haƙuri, a gajarce, yana kallon silin. Zancen gilashi ya mutu. Ya mayar da zakin cikin kundinsa, hoto a sama. Kar ku ɗauka ya ba Wilf, bai ba shi ba, sun ci gaba da harararsu kamar da. Sai dai daga baya an riƙa ganin Hedimasta yana shiga ɗan gidan Wilf ranar Talata da wani abu a aljihun kwat, ya fito bayan sa'a guda da shi.

*

Ranar Lahadi kowa ya ɗauka ba za ta zo ba, har limamin cocin ya raɗa mini ko zan dasa gicciyen Jabez a madadinta. Muna tsaye a sanyi an fara kiran sunaye sai ga ta. Ta hanyar ta biyo, ba ta bayan bishiya ba. Da aka kira Harker ta tako gaba, ta ƙi hannun da aka miƙa mata, ta durƙusa da ƙyar, ta dasa ɗan gicciyenta a tsaye cak kamar kowace shekara. Ta miƙe ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa bakin sandarta ta tura shi a hankali har ya kwanta gefen dama, ta koma wurinta.

Ni mai gyare-gyare ce, ba na iya ganin hoto a karkace a bango. Ban san sanda na taka gaba ba. Enoch ya riƙo hannun rigata.

"Bar shi, Nora," ya ce. "Ta san abin da ta rubuta."

Shekara uku ta ƙara tana yin haka kafin Allah ya karɓe ta. Tun daga nan ni ke dasa wa Jabez Harker gicciyensa. Duk shekara kuma sai an samu wani mai kirki, wanda bai san labarin ba, ya sunkuya ya miƙar da shi. Nakan yi masa godiya, in jira ya juya baya, in sa ƙafa in ture.